Marainiyar Mujiya a Bakin Kanal

Gabatarwa

A cikin tsuntsayen ƙasar Hausa da wuya a sami wanda ya kai mujiya baƙin jini. Idan aka ce mutum ya zama mujiya a cikin danginsa, kowa ya san an tsane shi ke nan, ba mai son haɗa inuwa da shi. Idan ta yi kuka a kan katangar gida da tsakar dare, tsofaffi kan yi ta neman tsari, mai jinya kuwa gabansa ya yi ta faɗuwa har wayewar gari. In kuma tsautsayi ya fito da ita da rana, ƙananan tsuntsaye su taru a kanta da tsiwa da sara, yara su biyo baya da duwatsu. Wannan rubutu ya ƙunshi labarin wani matashin malamin firamare da ɗawainiyar 'yar mujiya ta faɗo wa a yankin noman rani na Kura da Bunkure, da kuskuren da ya tafka, da kuma abin da ya koya game da renon tsuntsun daji, wanda a ƙarshe ya tarar ba shi da nisa da sana'arsa ta koyarwa.

Ƙasar Ruwa da Ɓera

Duk wanda ya bar birnin Kano ya miƙi hanyar Zariya a tsakiyar rani, da ya doshi Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. A lokacin da sauran wurare suka bushe ƙayau, nan gonaki kore ne shar, iyakar ganin ido. Dalilin haka shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a kan Kogin Kano a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar kanal, ba tare da injin turi ba, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai, har ya isa fangalin manomi a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da wannan shiri, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000. Da damina shinkafa, da rani kuma alkama da tumatir da albasa da masara.

Sai dai inda abinci ya wadata ga ɗan'adam, ya wadata ga ɓera. A gonar da ta dogara da ruwan sama kaɗai, ɓera kan sha yunwa tsawon rani, yawansa ya ragu. A gonar ban-ruwa kuwa babu watan da zai rasa abin ci da ruwan sha da wurin ɓuya. Akwai wani nau'in ɓeran gona mai yawan nonuwa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis, da macensa kan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Shi ne ke tone irin da aka shuka, ya datse karan shinkafa da alkama, ya haƙa ramuka a gaɓar magudanai har ruwa ya riƙa zurarewa, sannan ya bi amfanin gona zuwa rumbu. Bugu da ƙari, shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Manomi ya san wannan abokin gaba sarai. Abin da bai cika sani ba shi ne, yana da sojan dare da ke yaƙarsa a madadinsa, ba ko sisi.

Ranar da Reshe ya Faɗi

Malamin da ake zance a kansa bai daɗe da kammala karatun NCE ba aka tura shi wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke bakin kanal, aka ba shi aji biyar. Wata safiya cikin hunturu, aka sa masu sara su rage rassan wata tsohuwar darbejiya da ta sunkuyo kan rufin ajinsa. Ana cikin tara ya ji ihun yara, ya fita a guje, yana zaton faɗa ne ya kaure. Sai ya tarar da su sun yi da'ira. A tsakiya ga wata tsohuwar sheƙa ta kirare ta tarwatse, ga 'yan tsuntsaye biyu masu farin gashi kamar auduga sun takure a jikin reshe, ga kuma uwarsu a gefe, jini a kai, ta riga ta mutu. Wani yaro ɗan ajinsa na tsaye da danƙo a hannu, yana huci, idanunsa jawur.

Malam ya tambaye shi dalili. Yaron bai sunkuyar da kai ba, ya ce, "Malam, ita ce ta kashe ƙanwata. Bara ta yi kuka a bayan gidanmu kwana uku, a na huɗu ƙanwata ta rasu. Kakata ce ta faɗa."

Nan jikin Malam ya yi sanyi. Bulala na hannunsa, shugaban makaranta kuma na kallo daga bakin ofis. Amma ya lura cewa abin da ke gabansa ba ƙeta ba ce irin ta yara, baƙin ciki ne da aka nuna wa inda zai sauka. Ya kuma tuna cewa shi kansa da irin wannan zance aka rene shi, kuma har ranar bai taɓa yarda ya haɗa ido da mujiya ba. Wanda bai raba kansa da tsoro ba, da wane baki zai doki yaro a kan tsoro? Sai ya karɓi danƙon, ya sa aka binne uwar, ya cire hularsa ya kwashe 'ya'yan biyu a ciki, hannunsa na rawa. Ya ce wa yaron, "Ka mayar da su marayu. Daga yau ni da kai ne za mu ciyar da su."

Wace Irin Mujiya ce?

Masana sun ƙididdige nau'o'in mujiya fiye da 200 a duniya, kuma da dama daga cikinsu na zaune a Arewacin Nijeriya. Akwai farar mujiya mai fuska kamar faranti, wato Tyto alba, wadda ke kwana a cikin silin da kufai da tsofaffin rijiyoyi, kuma ita ce mai ƙara mai kaifin nan da ke razana mutane. Akwai babba mai ruwan toka da ke zama a kan duwatsu da manyan itatuwa. Akwai kuma ƙanana masu tukkaye biyu a ka kamar kunnuwa. Wadda yaron ya kashe tana cikin waɗannan, ita ce Ptilopsis leucotis, mai farar fuska da baƙin zagaye da idanu ruwan lemo, wadda tsawonta bai cika wuce taƙi guda ba. Ba ta gina sheƙa da kanta, sai ta nemi kogon itace ko tsohuwar sheƙar wani tsuntsu ta yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kimanin wata guda. Abincinta ɓeraye ne da manyan ƙwari.

Wannan tsuntsuwa tana da wata ɗabi'a da ta ƙara mata baƙin jini. Idan ta hangi abokin gaba da ya fi ƙarfinta, sai ta matse gashinta, ta miƙe, ta tsuke idanu, ta koma siririya kamar karyayyen reshe. Idan kuwa tana ganin za ta iya razana shi, sai ta buɗe fukafukai ta kumbura ta ninka girmanta. Wanda ya ga haka a duhun magariba zai rantse rikiɗa ta yi, alhali dabarar tsira ce kurum. Haka nan juyin kan da take yi. Idanun mujiya ba sa motsawa a cikin guraben su, saboda haka Allah ya ba ta ƙasusuwan wuya 14, ninki biyu na 7 ɗin da mutum ke da su, har takan iya juya kai zuwa digiri 270. Gashin fukafukanta kuma yana da laushi da 'yan haƙora a gefe masu kashe ƙarar iska, shi ya sa take sauka a kan ɓera bai ji motsinta ba.

Irin waɗannan ƙananan mujiyoyi masu tukkaye ba a Afirka kaɗai suke ba. A nahiyar Amurka, daga Kosta Rika har zuwa arewacin Ajantina, akwai wata mai kusan girma ɗaya da tamu, wadda masana ke kira Megascops choliba. Ita ma takan kwana a kogon itace, ta yi farautar fara da sauran manyan ƙwari da ƙananan dabbobi, kuma ta saba da zama kusa da mutane, har cikin lambunan biranen Barazil. Wannan kusanci ne ke jawo mata haɗari. Mota ta buge ta, ko a sare itacen da take kwanci, ko a tsinci 'ya'yanta a ƙasa. Don haka tana cikin tsuntsayen da ake kai wa cibiyoyin jinyar namun daji a can, inda ake yi musu magani a mayar da su daji. Ƙa'idojin da ake bi a waɗannan cibiyoyi su ne Malam ya rasa a makonsa na farko.

Kuskuren Mai Tausayi

Malam ya kai 'yan mujiyar ɗakin da yake haya, ya sa su a kwali a gindin gadonsa. Da yake da renon tsaki da tattabara kaɗai ya saba, sai ya jiƙa gero ya ɗura musu, ya bi da ruwa a cokali. Da ya ga suna amayarwa, ya koma sayo musu tsokar nama a wurin mahauci. Ya bar kwalin a buɗe a gaban fitila, yara kuma na ta zarya suna leƙe suna taɓawa. A daren kwana na uku ƙaramar ta daina ɗaga kai, kafin asuba ta mutu. Malam ya zauna a bakin gado da gawar a tafin hannunsa, ya san cewa wannan karon ba danƙo ba ne ya yi kisa, hannunsa ne da kyakkyawar niyyarsa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Da gari ya waye sai wani abokin aikinsa ya yi masa kwatancen wani dattijo a ƙauyen gaba, wanda ya yi shekaru yana aikin gandun daji kafin ya yi ritaya ya koma lambunsa. Malam ya ɗaura kwalin a bayan keke, yaron nan na biye da shi. Dattijon ya buɗe kwalin kaɗan, ya leƙa, ya rufe, sannan ya tambayi abin da ake ba ta. Da ya ji, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ka taɓa ganin mujiya a kan shanyar gero?"

Malam ya ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To, me ya sa ka ba ta abin da kake da shi, ba ka tambayi abin da take bukata ba?"

Daga nan ya zaunar da su a inuwar mangwaro ya jera musu ƙa'idoji. Ta farko, ba kowane ɗan mujiya da aka gani a ƙasa ne maraya ba. 'Ya'yanta kan bar sheƙa tun ba su iya tashi sosai ba, iyaye na ciyar da su da dare. In ba rauni, abin da ya fi shi ne a mayar da ɗan kan reshe, ko a ɗaura kwando a itacen a sa shi ciki, domin babu mai renon da ya kai uwa. Ta biyu, tsuntsun da aka tsinta yana bukatar duhu da shiru da ɗumi kafin abinci, domin firgita kaɗai na iya kashe shi. Ta uku, ba a ɗura wa tsuntsu ruwa, saboda ƙofar numfashinsa tana nan a bayan harshe, ruwan na iya wucewa huhu. Ta huɗu, tsokar nama zalla ba abinci ba ce ga mujiya. Dole ta ci abin farauta ɗungurungum, da gashi da ƙashi da kayan ciki, domin daga ƙashin take samun sinadarin kalsiyam. Ɗan da aka rena da tsoka kaɗai ƙafafunsa kan lanƙwashe, fukafukansa su yi rauni, ba zai taɓa tashi ba. Ta biyar, kada a kuskura a ba ta ɓeran da ya ci shinkafar ɓera ko wata guba, domin gubar da ta kashe ɓera takan wuce ga wanda ya ci ɓeran. Sai na tarko kaɗai.

Ƙa'ida ta shida ita ce ta fi yi wa Malam nauyi. Dattijon ya ce kada a shafa ta, kada a yi mata magana, kada a raɗa mata suna, kuma mai ba ta abinci ya rufe fuskarsa ya miƙa da tsinke ta bayan zana. Dalili kuwa, ɗan tsuntsu kan ɗauki wanda ya buɗe ido ya ga yana ciyar da shi a matsayin jinsinsa. Wannan shi ne abin da masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya yi fice wajen bayyanawa, bayan 'ya'yan dinyar Turai sun riƙa bin sa kamar uwarsu, kuma yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Nobel a 1973. Mujiyar da ta ɗauki mutum a matsayin uwa ba za ta ji tsoron mutane ba, ba za ta nemi abokin zama a cikin 'yan'uwanta ba. In aka sake ta sai ta sauka a kafaɗar wanda ta fara gani tana neman abinci, kuma a ƙasar da aka tsani mujiya kowa ya san ƙarshen wannan. Dattijon ya ce, "In kana son ta, ka bar ta ta ci gaba da tsoronka."

Gari ya Ɗauka

Kafin mako ya zagayo labari ya game ƙauye cewa sabon malami na kiwon mujiya a ɗaka. Wasu suka ce asiri yake haɗawa, wasu suka ce neman ɗaukaka yake yi a wurin aiki. Iyaye biyu suka hana 'ya'yansu zuwa makaranta. Ana haka sai ɗan mai gidan da yake haya ya kwanta da zazzaɓi. Mai gidan ya same shi bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, ban taɓa samun ka da laifi ba, amma ko tsuntsuwar nan ta bar gidana gobe, ko ku bar shi tare." Malam bai yi musu ba. Ya ce, "Alhaji, na ji, za ta tafi. Amma ina roƙon arziki, a kai yaron nan asibiti da safe." Aka kai shi, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi magani ya warke. Ita kuwa mujiya aka mayar da ita wata rumfa a lambun dattijon, wanda dama ya fi dacewa da ita.

Malam ya fahimci cewa gardama ba za ta fisshe shi ba, sai hujjar da ido zai gani. Dattijon ya riga ya nuna masa cewa mujiya kan haɗiye abin da ta kama, bayan wasu sa'o'i ta amayar da gashi da ƙashin da ba su narke ba a dunƙule, kamar ƙwallon dabino. Sai ya kai 'yan ajinsa gindin darbejiyar nan da sauran itatuwan da ke bakin kanal, suka tsinto irin waɗannan dunƙule da leda a hannu. Aka jiƙa su a ruwan zafi, aka baje a kan takarda, yara suka riƙa tonawa da tsinke. Ba a jima ba aji ya kaure da sowa. Wannan ya ciro muƙamuƙi mai jajayen haƙoran gaba, wancan ya ciro ƙoƙon kai ƙanƙane, wata ta ciro ƙafar fara da ɓawon buzuzu. Malam ya sa suka jera ƙoƙunan kai a kan kwali suka ƙirga, suka rubuta adadin a allo, sannan kowa ya wanke hannu da sabulu. A rana ɗaya an yi darasin kimiyya da lissafi da tsafta, ba tare da an buɗe littafi ba.

Yaron da ya yi harbin ne ya ɗauki kwalin ya kai wa mahaifinsa, wanda ɓeraye suka yi wa ɓarna a gonar alkama a wannan shekarar. Mahaifin ya daɗe yana juya wani ƙoƙon kai a yatsunsa, bai ce komai ba. Ranar Juma'a ya kai kwalin ƙofar gidan dagaci. Da aka kira Malam, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo da zance nawa ba, abin da tsuntsuwar ta ci ne ke gabanku." Ya kuma shaida musu cewa a ƙasar Malesiya manoman kwakwar manja da na shinkafa kan kafa wa farar mujiya akwatuna a gonaki don ta zauna ta rage musu ɓera, haka ma manoman kwarin Kogin Urdun tun cikin shekarun 1980, domin mujiya biyu da 'ya'yansu kan cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara.

Limamin gari, wanda ke zaune a gefe, shi ya rufe zancen. Ya tunatar da jama'a cewa camfi da mujiya tsohuwar al'adar Larabawan jahiliyya ce, kuma ya tabbata a ingantattun hadisai na Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya kore ta tare da sauran nau'o'in shu'umci da tsuntsaye. Ya kuma ja hankalinsu ga aya ta 38 a Suratul An'am, wadda ta nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane. Ya ce ajali na hannun Allah, ba a bakin tsuntsu yake ba. Ba kowa ne ya gamsu ba. Kakar yaron nan har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda an ambaci mujiya a gabanta da dare ba. Amma yaran da aka janye sun dawo makaranta.

Ranar Saki

Mako shida Malam da ɗalibinsa suna zarya zuwa lambu. Yaron ne ke ɗana tarko a gaɓar magudanai da yamma, ya kwance da asuba, bisa sharaɗin ba zai taɓa ɓera da hannu tsirara ba. In tarko bai kama ba, su kamo fara da gyare. Farin gashin mujiyar ya zube, na toka ya fito, tukkayenta suka miƙe. Dattijon ya sa aka kewaye wani fili mai tsawo da zana da ragar kaji, aka gicciya sanduna nesa da juna, don ta riƙa tashi daga wannan zuwa wancan fukafukanta su yi ƙwari. Sannan aka zo jarrabawar ƙarshe. Aka daina miƙa mata abinci, aka saki ɓera mai rai a cikin rabin duro. Daren farko ba ta taɓa shi ba. Malam ya so ya ba ta da hannu, dattijon ya hana. A dare na biyu aka wayi gari duron ba kowa, ga dunƙulen gashi a ƙarƙashin sanda.

Ba a kai ta nesa ba. Jihar Kano na da dajin Falgore a kudu, da gidan namun daji na Audu Baƙo a cikin birni, kuma a maƙwabta akwai wuraren kare tsuntsaye kamar Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe. Amma dattijon ya ce keji na tsuntsun da ba zai iya komawa daji ba ne, lafiyayye kuwa wurinsa shi ne inda aka haife shi. Wata ranar Laraba da magariba aka buɗe ƙofar rumfar, kowa ya ja da baya. Ta daɗe a kan sanda tana juya kai. Can sai ta tashi ba tare da ko ƙarar fiffike ba, ta bi saman alkama ta nufi itatuwan bakin kanal. Ba ta waiwayo ba. Malam ya ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Dattijon ya dube shi ya ce, "Da ta waiwayo, da mun faɗi." Yaron kuwa ya tsaya yana kallon inda ta ɓace har duhu ya rufe, sannan ya tambaya a hankali, "Malam, to me ya kashe ƙanwata?" Malam ya ce, "Gobe ka zo da wuri, za mu yi darasi a kan sauro."

Kammalawa

Mai shirin zama malami zai tarar da irin wannan rana a gabansa, ko da ba da mujiya ta zo ba. Zai shiga aji ya sami yara ɗauke da abin da suka ji a gida, wani gaskiya, wani camfi, kuma sau da yawa camfin a naɗe yake da wani ciwo da ba a faɗa ba. Bulala na iya karɓe danƙo daga hannun yaro, amma ba ta cire dalilin da ya sa ya ɗauke shi. Raina iyayensa a gabansa kuma ba ya haifar da komai sai rufe ƙofar gidansu ga makaranta. Abin da ya yi aiki a wannan ƙauye shi ne hujjar da yaro ya tono da hannunsa, da ladabin da aka gabatar da ita a gaban manya, da neman goyon bayan waɗanda jama'a ke saurare.

Har ila yau, mutuwar ƙaramar mujiyar gargaɗi ce cewa tausayi ba ya maye gurbin sani. Malamin da ya ba ɗalibi abin da ya saba bayarwa, bai binciki abin da ɗalibin ke bukata ba, ya yi daidai da mai ɗura wa mujiya gero. Kuma kamar yadda ba a auna nasarar mai jinyar tsuntsun daji da yadda tsuntsun ya shaƙu da shi, sai da yadda ya iya farauta bayan an buɗe masa ƙofa, haka ba a auna malami da yawan ɗaliban da ba sa iya motsi sai da shi. Ana auna shi ne da waɗanda suka tashi da fukafukansu.

Tambayoyi

1. Kawo ƙa'idoji huɗu na kula da ɗan mujiyar da aka tsinta, tare da bayyana dalilin kowacce.
2. Yi bayanin dangantakar da ke tsakanin noman rani da ɓera da mujiya a yankin Kura da Bunkure.
3. Me ya hana Malam dukan yaron da ya harbe mujiya? Tattauna dacewar matakin da ya ɗauka ko rashin dacewarsa.
4. Zaɓi wani camfi da ya shafi dabba ko tsuntsu a garinku, ka tsara darasin aji biyar da zai sa yara su binciki gaskiyarsa da kansu.